Ruwan Daɗin Kaudama

A shekarar da fara ta sauka a ƙasarmu ta cinye baban rini tun yana ɗanyen ganye, rijiyoyin marina suka bushe, mabuga suka yi shiru, masu sayen turkuɗi suka sake hanya, ni Ranau na bar garinmu tare da yayana Korau, muka fuskanci gabas da jakuna da guzuri.

Korau marini ne, ɗan marini, hannunsa ya rine har gwiwa tun kafin ya tsirar da gemu. Ya ji a bakin fatake cewa a bayan Fakon Gishiri akwai wani birni, Kaudama, inda ake rina tufa rana ba ta cin launinta ko da za a shanya ta shekara da shekaru. Wannan sanin ya fita nema. Ni kuwa ban gaji komai ba sai son karatu da wani ciwon ciki da ya bi ni tun ina saurayi. Na karanta labaran matafiya masu yawa a kan fakon nan, kowanne yana ƙaryata ɗan'uwansa, abin da suka haɗu a kai kawai shi ne babu wanda ya shige shi sau biyu. Na ce zan bi Yaya in ga wane ne mai gaskiya a cikinsu.

Akwai wani hali na Korau da ya kamata a sani tun da wuri. Ba ya iya kwana da alherin mutum a wuyansa. In ka ba shi goro da safe, kafin la'asar ya aiko maka da kaza. Mutanen unguwarmu har shakkar yi masa kirki suke yi.

Muka ratsa birane, muka ratsa ƙauyuka, muka wuce inda ake jin harshenmu, muka wuce inda ake shuka. Wata safiya muka hau wani tudu, sai ga fakon shimfiɗe a gabanmu, fari fat kamar an wanke ƙasa an shanya, babu itace, babu tsuntsu, iyakar ganin ido. Muka shiga. Da farko ƙasar tana da ƙarfi kamar daɓe. Da rana ta take sai na fara jin wani sauti a ƙarƙashin kofaton jakuna, irin na ƙwaryar da ta tsage. Kafin in buɗe baki jakin gaba ya burma har ƙirji. Ashe gishirin ɓawo ne kawai, a ƙarƙashinsa baƙin taɓo ne wanda ba shi da gindi. Jakunan suka bi juna, da hatsi, da salkuna, da tukwane, da duk abin da muka ɗauko muna zaton sai da shi ake rayuwa.

Na tuna ɗaya daga cikin matafiyan da na karanta ya ce a irin wannan wuri na tsaye ya fi na kwance nauyi. Na ce wa Yaya ya kwanta. Muka kwanta rub da ciki, muka baje hannuwa da ƙafafu kamar ƙadangaru, muka riƙa jan jiki, ɓawon yana ƙara a ƙarƙashinmu amma bai fashe ba. Korau ya miƙa hannu ya fizgo ƙunshi ɗaya daga bayan jakin ƙarshe kafin taɓo ya rufe shi. Na zaci abinci ne. Da muka kai wuri mai ƙarfi ya kwance, sai ga farin zane, saƙin hannun mahaifiyarmu, wanda ya yi niyyar ya fara rinawa in ya koyi sabon aikin.

"Yaya, ai da hatsi ka ɗauko," na ce.

"Hatsi kowace shekara ana nomawa," ya ce. "Inna kuwa ta gama saƙa."

Ƙishirwa ta kai mu inda ba ma iya haɗiye yawu, harshe ya zama kamar guntun fata a baki. Muna kwance mun lulluɓa da zanen nan muna jiran abin da Allah zai yi, sai aka yaye shi daga kanmu. Wani mutum ne tsaye, siriri kamar sillen kara, babu riga, babu takalmi, sai warki da dagi da gora a kafaɗa. Ya daɗe yana dubanmu kamar mai taya rago a kasuwa. Sannan ya tambaye mu da harshen fatake, wanda ya koya wurin masu sayen gishiri, ko mu ne muka ciyar da fako jakuna. Ya ce a madadin fako yana godiya, dama ya daɗe bai ci nama ba.

Ya ɗiga mana ruwan gorarsa a baki, ɗigo ɗigo. Ban taɓa ɗanɗana abu mai muni irinsa ba: ga gishiri, ga kanwa, ga ɗaci kamar maɗaci. Ruwan zartsi ne, kuma shi kaɗai ake samu a rijiyoyin wannan ƙasa. Korau ya kama gorar zai kafa kai, mutumin ya buge masa hannu, ya ce in mutuwar gaggawa yake so ya bari ya mayar da shi wurin jakunansa. Sunan mutumin Taura.

Mutanensa su ne Zartsawa. Suna zaune a wani tsibiri na ƙasa mai ƙarfi a tsakiyar fakon, inda 'yan itatuwa suka tsira. Kowa a cikinsu sunansa itacen da aka haife shi a gindinsa, saboda haka matar Taura Aduwa ce, tsohon da yake yanke musu shawara kuma Baba Gawo. Suka ajiye mu, suka riƙa ƙara mana zartsi kaɗan kaɗan. Muka yi amai, muka yi gudawa, muka rame har muna iya ƙirga haƙarƙarin juna. Wata ya kusa zagayowa kafin in wayi gari in sha ludayi guda ya zauna.

Dukiyar babban mutum a cikinsu dagi ce da gora da fatar kwanciya. Suna tonon saiwa, suna kama fara su busar, suna ɗiban ƙwan tsuntsu amma ba sa ƙarar da sheƙa. Sau ɗaya suke cin abinci, in rana ta yi sanyi. Kada mai sauraro ya ɗauka waliyyai ne. Suna gulma, suna zagi, na ga mata biyu sun yi kokawa a kan saiwa guda. Sai dai faɗansu ba ya kwana, domin babu gado, babu gona, babu abin da za a kai gaban alƙali, kuma wanda ka zaga yau da shi za ku tona rijiya gobe. Aka ba ni dagi. Hannuna ya yi kanta, bayana ya ƙone ya saɓule ya sake sabuwar fata. Wata rana ina cikin tono na lura na manta rabon da cikina ya murɗa. Na sha magungunan masana a garuruwa da dama a kan ciwon nan, ga shi ya tafi bai yi sallama ba. Barcin da na yi a kan fatar gada a wannan tsibiri ban sake yin irinsa ba, ko a kan gadajen da aka shimfiɗa mini daga baya.

Korau kuwa bai sami wannan kwanciyar hankali ba. An cece shi, an ciyar da shi, ga shi babu hanyar ramawa. Ya ba Baba Gawo hularsa, tsohon ya ɗebo ƙwai a ciki ya mayar masa. Ya ba Aduwa zobensa, ta jujjuya shi ta tambaye shi me ake tonawa da shi. Haka ya riƙa yawo da alherinsu a wuya kamar dutsen niƙa, har muka yi ƙarfin tafiya.

Baba Gawo ya yarda Taura ya raka mu zuwa bakin fako na gabas, amma sai da ya zaunar da shi a gabanmu ya tuna masa abin da kowane Bazartse ya sani. Idan shamuwa ta bayyana, ruwa yana bayanta. Idan ruwa ya sauka, ɓawon gishiri zai narke, fakon ya zama tafkin taɓo wanda ba a shiga da ƙafa, ba a shiga da kwalekwale. Kafin haka Zartsawa za su tashi su haye zuwa duwatsun arewa, kuma in rani ya dawo ba sa komawa tsibirin da suka bari, wani suke nema. Ba sa jiran kowa. Wanda ba ya nan ranar tashi, a cikin matattu ake sa shi. Abu na biyu, kada ya saki zartsi ko na yini guda. Cikin da ya saba da ruwan daɗi ba ya karɓar zartsi sai an sake lallashinsa a hankali kamar yadda aka yi mana, lokaci kuwa ba zai ba shi wannan damar ba.

Aduwa ta cika masa babbar gora ta rataya masa da hannunta. Mace ce gajera, mai faɗa, ba ta iya duban mijinta ba ta samo masa laifi ba.

"Na san halinka," ta ce. "Kwaɗayinka ya fi ƙafarka sauri. Kana ganin bakin fako ka juyo."

Taura ya ce mata kada ta damu, ko shamuwa ta hango fuskarta sai ta fasa zuwa bana. Ta jefe shi da ɓawon saiwa. Da muka yi nisa na waiga na gan ta tsaye inda muka bar ta. Shi bai waiga ba, don ba al'adarsu ba ce.

Taura da tafin ƙafa yake jin ƙasa. Yakan taka, ya tsaya, ya karkata kai, sannan ya kauce hagu ko dama, mu kuma mu sa ƙafa inda ya ɗauke tasa. Ya raɗa wa Korau suna Shuɗin Hannu, ni kuma Mai Tambaya, ya ce in da tambaya tana ƙosarwa da ni ne mafi ƙiba a duniya. A tsakiyar hanya muka iso wani kwazazzabo tsakanin duwatsu biyu, inda ƙudan zuma masu girman babban yatsa suka yi gida tun zamanin da ba a sani ba, har zuma tana gangarowa ta jikin dutse tana daskarewa. Dokar Zartsawa ita ce mai wucewa ya lakato da yatsa ɗaya daga abin da ya zubo ƙasa, ya yi gaba. Taura ya lakata, ya tsotsa, ya yi 'yan taku, ya dawo. Ya ce tunda mu baƙi ne rabonmu ma yana wuyansa. Kafin mu ankara ya hau dutsen ya zura hannu har kafaɗa.

Ƙudan suka tashi kamar hayaƙin gobara. Babu wurin ɓuya, gudu kuma a kan ɓawo halaka ne. Korau ya fizge dagin Taura ya fasa gishirin da ke gabanmu, muka dumbuzo baƙin taɓo muka shafe jiki tun daga kai har ƙafa, muka kwanta kamar gumaka. Warinsa ko kura ba za ta jure ba. Ƙudan suka yi ta shawagi a kanmu har suka gaji suka koma. Taura ya tashi leɓensa ya kumbura kamar gauta, yana lasar yatsunsa da zuma da taɓo duka. Ya ce in muka kuskura labarin nan ya je kunnen Aduwa, zai ce mu muka aike shi.

Daga ƙarshe fari ya ƙare, ciyawa ta fara. Muka tsaya a gindin wata tsamiya, muna hangen ganuwar Kaudama da lambunanta, ruwa yana ƙyalli a tsakaninsu. Taura ya gyara gorarsa ya ce aikinsa ya ƙare, mu sauka lafiya.

Korau ya tare gabansa. "Haba Taura. Ka tsamo mu daga bakin mutuwa, ka ciyar da mu, ka kawo mu, sannan ka juya hannu rabbana? Da wane ido zan dubi mutanen garinmu?"

Taura ya ce mutanen garinmu ba sa nan, kuma shi ba zai gaya musu ba. Sai Korau ya kwance ƙunshinsa ya baje farin zanen Inna a kan ciyawa. Ya ce aikin farko da hannunsa zai yi a birnin nan shi ne ya rina wannan, Taura ya kai wa Aduwa, ta ɗaura abin da babu wata mace a fako da ta taɓa ɗaurawa. Ya ce kwana kaɗan ne. Rini ba aikin kwana kaɗan ba ne, Yaya ya fi kowa sani, amma a lokacin da yake faɗa ya gaskata kansa. Taura ya dubi sama, babu gajimare ko ɗaya. Ya dubi zanen. Ya tambaya ko launinsa zai zama irin na hannun Korau. Korau ya ce har ya fi.

Ba a shiga Kaudama sai an sha ruwan maraba daga hannun Sarkin Ƙofa. Wanda ya ƙi sha maƙiyi ne, a waje zai kwana. Muka sha, aka miƙa wa Taura ƙwaryar. Ya ce kurɓi ɗaya ba ya kashe mutum. Ina kallon fuskarsa lokacin da ruwan ya wuce maƙogwaronsa. Bai yi murmushi ba. Ya dubi cikin ƙwaryar kamar wanda aka gaya wa wani labari a kan iyayensa.

"Dama haka ruwa yake?" ya ce.

A Kaudama ruwa yana bin kowace hanya a cikin magudanan dutse, yana shiga kowane gida, yana fita. Mutanen masu taushin jiki ne da taushin murya, masu kirki ƙwarai, kuma ban ga birnin da ya kai shi yawan masu sayar da maganin barci ba. Da suka ji Bazartse ya shigo gari suka riƙa zuwa kallonsa, kowa da abin da ya riƙo, wannan alkaki, wannan nakiya, wancan dabino. Shi kuma ya riƙa saka musu da ƙarairayi a kan fako, suna tafawa. Da farko a ƙasa yake kwana, ya ce gado yana sa shi jiri. Sannan ya yarda da tabarma. Ban san ranar da ya hau katifa ba. Amma kowace safiya yakan sauko da gorar Aduwa daga maratayi ya kurɓi zartsi, ya yamutsa fuska, ya mayar. Kurɓin nan shi ne igiyar da ta rage tsakaninsa da gida, kuma ya san haka.

Marinar birnin tana hannun wata dattijuwa, Gwamma, mace mai ƙarancin magana. Ta dubi hannun Korau ta karɓe shi, da sharaɗin da suke ɗora wa kowane mai koyo: ya rantse ba zai taka wajen ganuwa ba sai shekara ta zagayo. Ya rantse. Rijiyar rini ta farko da ya haɗa ta mutu, domin ya gaggauta ta. Ta biyu sai da aka jira baba ya tsimu. Sannan aka fara tsoma zanen, a shanya a inuwa, a sake tsomawa, a sake shanyawa. Kullum Taura sai ya leƙo marina ya ce, Shuɗin Hannu, yaya? Kullum Korau sai ya ce saura kaɗan. Da Taura ya ce ai ya yi kyau haka, Korau ya ji haushi, ya ce ba zai aika wa matar da ta ciyar da shi rabin aiki ba.

Da aka kai tsomi na ƙarshe Gwamma ta gaya masa abin da ya ratsa duniya yana nema. Baban rininsu irin namu ne, tokarsu irin tamu ce. Bambancin kawai, in an gama sai a ɗauraye tufar a ruwan zartsi, shi yake kama launin ya hana rana ci. A wurin fataken gishiri suke sayen ruwan, na bana kuwa ya ƙare, fataken ba za su dawo ba sai bayan damina. In ba zartsi, zanen zai koɗe kamar kowane zane.

Korau bai roƙa ba. Da yamma muna cin abinci ya ba da labarin, ya yi ajiyar zuciya, idonsa ya je kan maratayi ya dawo. Taura ya ci gaba da tauna. Can ya miƙe ya sauko da gorar ya ajiye a gaban Korau.

"Taura, ka tuna maganar Baba Gawo," na ce.

"Na Aduwa ne, Mai Tambaya. Ita ta cika gorar, ita za ta ɗaura zanen."

Ya faɗe shi da sauri, kamar mutumin da ya daɗe yana neman dalili. Korau ya ce gobe za a ɗauraye, jibi ya kama hanya.

Washegari aka ɗauraye. Amma sai da zanen ya bushe a inuwa, sai da aka kai shi wurin mabugi, mabugin kuma yana da aikin wasu a gabansa, sai da Korau ya ga wani gefe bai kwanta ba ya mayar. Duk tsawon wannan Taura ruwan birni kawai yake sha, kumatunsa suka ciko, wuyansa ya yi kauri. Zanen ya fito. Gaskiya ban taɓa ganin irinsa ba: shuɗi mai zurfi har ya kusa baƙi, in ka karkata shi a haske ya yi ja-ja kamar wuyan kurciya. Korau ya ce a bar shi ya ƙara kwana a ƙarƙashin dutse ninkinsa ya kama.

Washegari da hantsi muna kasuwa, Taura da alkaki a baki yana gaya wa wasu mata yadda ya taɓa hawan jimina, sai inuwa ta gilma a kanmu. Mutane suka ɗaga kai suna murna, suna cewa shamuwa ta zo, ruwa ya kusa. Taura ya ɗaga kai. Ya tofar da abin da ke bakinsa, ya bar labarin a tsakiya.

Korau ya je ya durƙusa wa Gwamma ta bar shi ya raka Taura. Ta ce rantsuwa rantsuwa ce, kuma ko ta yarda masu ƙofa ba za su yarda ba. Ya dawo ya tara wa Taura takalma da riga da buhun dabino, yana ta ba shi haƙuri. Taura ya ɗauki zanen da daginsa da busasshiyar gorarsa, ya ce sauran ba a tafiya da su a kan ɓawo. Bai yi wa Korau faɗa ba. Ya ce masa aikinsa ya yi kyau. Ni na cika salka da ruwan birni don kaina, na bi Taura.

A rijiyar farko ta fako ya durƙusa ya sha kamar yadda ya saba sha tun yana jariri. Bai kai ga miƙewa ba ruwan ya dawo. Cikinsa ya murɗe, ya kwanta yana birgima a kan gishiri. Na kwance salkata, ya ce in kawar da ita daga idonsa. Ya riƙa ɗiga wa kansa zartsi da yatsa, ɗigo ɗigo, kamar yadda ya yi mana. Muka riƙa tafiya irin ta majinyata, a yi kaɗan a zauna. Tafin ƙafarsa da ya yi laushi gishiri ya yayyanka shi, na yaga rawanina na ɗaure masa, ɗaurin kuma ya hana shi jin ƙasa, sau da dama ya burma har gwiwa ina jawo shi. Muka wuce kwazazzabon zuma bai ko dubi wajen ba. Sau ɗaya kawai ya yi wasa. Ya shafa cikinsa ya ce Aduwa za ta ce ciki ya ɗauko a birni, a nemo masa ungozoma. A bayanmu gabas ta fara yin baƙi.

Ranar da cikinsa ya fara riƙe kurɓi guda, ranar ruwan farko ya sauka.

Muka iso tsibirin muna jan ƙafa. Babu kowa. An rufe bakin rijiyoyi da duwatsu, toka tana da sauran ɗumi a ƙarƙashin jiƙaƙƙen samanta. Sawunsu ya nufi arewa, muka bi shi da abin da ya rage mana na ƙarfi har ƙarshen tsibirin. Daga arewa fakon yake fara narkewa, domin can ne gangare. Hanyar gabas da muka biyo tana nan tukuna, amma a gabanmu ɓawon ya riga ya tafi, sai ruwa mai launin toka yana motsi a kan taɓo, guntayen gishiri suna yawo a kai. Taura ya zura daginsa, dagin ya shige duka har da hannunsa bai taɓa ƙasa ba.

A can ƙetare, a gindin duwatsu, ga Zartsawa a jere suna hawa, kowa da ɗan kayansa a ka. Na bayansu ba su yi nisan da ba za a gane mutum da tafiyarsa ba. Taura ya yi kira, iska ta mayar masa da muryarsa. Sai ya warware zanen ya ɗaga shi sama da hannu biyu, iska ta buɗe shi.

Wata gajera a ƙarshen jerin ta tsaya. Ta juyo, ta gangaro har bakin ruwa. A sama da ita wani dogon tsoho ya tsaya da sandarsa, bai juyo ba. Ta daɗe tana duban wannan gefe, shi kuma yana riƙe da zanen bai sauke shi ba. Sannan ta sauke kayanta, ta zaro fatar kwanciya ɗaya daga cikin biyun da ta ɗauko, ta shimfiɗa a ƙasa, ta ɗora dutse a kai. Haka suke yi wa fatar wanda ya mutu. Ta ɗauki sauran kayan ta bi tsohon, jerin ya ci gaba da hawa har dutse ya rufe su.

Taura ya ninke zanen a kan ninkinsa, ya zauna a bakin ruwan, ya ɗora shi a cinya. Yayyafi ya sake tasowa. Na zauna kusa da shi. Can ya yi magana, bai dube ni ba.

"Mai Tambaya, da sauran ruwan birni a salkar nan?"

Na kwance bakinta na miƙa masa. Ya kafa kai, bai sauke ba sai da ta motse.